Cokulan Hindatu a Tafkin Kalmalo

Duk wanda ya taɓa zama unguwarmu a Illela ya san Baba Sahabi Mai-Birgi. In bai san fuskarsa ba, ya san tarin babur ɗinsa. Da an sallame asuba za ka ji shi yana tari kamar tsohuwar akuya, can sai ya kama, Sahabi ya nufi tafkin Kalmalo da birgi ɗaure a baya. Birgi dai shi ne ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai, dalmar da ke bakinta ta ja ta ƙasa ta rufe kifi. Shekara arba'in yana wannan aiki. Kuma mutum ne mai son a ce. Kowace shekara sai ya ƙara wa birginsa dalma, don kawai a ce ba mai iya ɗaga shi sai shi. In baƙo ya zo, kafin a kawo ruwa sai ya ce, "Ɗaga ka ji." Baƙo ya yi nishi, Sahabi ya yi dariya har da bugun cinya.

To, bara da kaka bayansa ya ce shi ya gaji. Ya duƙa zai jawo birgi, miƙewa ta gagara. A amalanken albasa aka kawo shi gida, a lanƙwashe, yana ta gaisawa da mutane ta ƙasa. Likita ya duba ya ce daga yau kada ya ɗaga abin da ya fi buta cike da ruwa nauyi.

Ɗansa Bashar, wanda ke aikin gwamnati a Sakkwato, ya zo da mota.

"Baba, ka shirya mu tafi. Ga ɗaki, ga fanka, ga talabijin."

"In yi mi da talabijin? Da kihi cikinta?"

Aka ja, aka ja. Sahabi ya rantse in aka raba shi da Kalmalo, kwana arba'in ba zai kai ba. Daga ƙarshe Bashar ya kafa sharaɗi. Zai dawo ranar Juma'a bayan mako uku. In ya tarar da kifin da Baba ya kamo da hannunsa, kuma Baba ya yi sallar magariba a tsaye, ruku'u cikakke, sujada cikakkiya, to ya zauna. In ko a zaune ya yi ta, sai mota. Don kada a yi masa wayo, ya saka birgin a bayan mota ya tafi da shi, bayan mutum biyu sun kama masa.

Ranar Lahadi Sahabi ya shiga kasuwa yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya tsaya rumfar Halliru, mai shigo da kayan kamun kifi daga Ƙonni. Halliru ya baje masa ƙananan kifayen roba masu ƙugiya a ciki, irin waɗanda ake wurgawa a jawo, babban kifi ya zaci abinci ne.

"Baba, ga wanga ƙarami. Shi ad daidai da bayanka."

Sahabi ya ɗora shi a tafin hannu ya yamutsa fuska. Shi a duniyarsa komai da nauyi ake gane mai kyau: rago, albasa, birgi, har suruki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, sai da ya kai ga wani ƙato mai faɗin leɓe, tsawonsa ya kai taƙi.

"Wanga shi an namiji."

"Baba, wanga in ya shiga ruwa nitsewa yakai, jan shi sai ƙato."

"Ni mi nike?"

Washegari ya wurga namijin sau uku. Leɓen nan ya riƙa tonon ruwa kamar garma, sai ka kafa ƙafa ka ja da ƙugu. A na huɗu ya sarƙe a ciyawa, Sahabi ya fizga, bayansa ya amsa. Ran nan a can sahun ƙarshe ya yi magariba, a zaune, ya ja hula har gira wai kada mu gane shi. Mun gane shi.

Matarsa Hindatu ba ta buƙaci a gaya mata ba, yadda ya sauko daga babur ya isa. Ita ma fa ba son Sakkwaton take ba. Wa za ta bar wa awakinta, kuma da wa za ta yi hira ta kan katanga? Kwana biyar tana gasa masa baya da ruwan zafi. Rana ta shida tana dama masa shayi, sai ta tsaya tana kallon ɗan cokalin da ke hannunta.

"Malam, ka san ni ɗiyar Kalmalo ce."

"Na sani, can na ɗauko ki."

"Muna yara in muka tahi wanke-wanke bakin ruwa, in cokali ya suɓuce yana walƙiya yana nitsewa, sai ka ga kihi ya taso mai da gudu."

"To, sai in ba su shayi?"

"Sai ka sa mai ƙugiya, kai da ka san komi."

Cokulan shida ne, cikin kayan da ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga Makka, ba a fiddo su sai an yi baƙi ko mara lafiya. Sahabi ya kai ɗaya wajen maƙeri, aka datse mariƙin, aka huda kan gaba da baya, nan zare, nan ƙugiya. Ya ɗora a tafin hannu, bai ji komai ba. Kunya ta kama shi. Ya cusa shi cikin hula don kada a gani.

A bakin tafki ya zaɓi gefen da ba mutane, ya ajiye 'yar kujerar tsugunon Hindatu, ya zauna ya jingina da kututture. Zaren a jikin gwangwanin madara ya naɗe shi. Ya kaɗa cokalin da wuyan hannu kawai, ya tafi can ya faɗa, cul. Ya fara naɗewa. Abin ya taho yana juyi yana ƙyalli saman ciyawa, ba ja, ba nishi. Masu birgi suka hango shi.

"Baba Sahabi, ina sukarin?"

Ya ci gaba da naɗinsa. Kwana biyu ba abin da ya taɓa, sai cokali ɗaya da ya tsinke ya tafi. Ya koma gida ya ɗauki na biyu. A nan ya gane in ya yi gaggawa kifi ba ya kulawa, sai ya naɗa kaɗan ya dakata, cokalin ya ɗan nitse kamar wanda ya suɓuce wa yarinya, sannan ya ci gaba. Rana ta uku, a wannan dakatawar, aka fizgi zaren. Tarwaɗa ce mai kaurin damtse. Da a da ne, da tuni ya miƙe ya yi kokawa da ita. Sai ya tuna fanka da talabijin, ya gyara zama. Ta ja ya saki, ta huta ya naɗa, har ta gaji ta kwanta gefen ƙafarsa.

Ranar Juma'ar alkawari Bashar ya iso bayan la'asar, ƙanshin farfesun tarwaɗa ya tare shi tun daga zaure. Da aka kira magariba ya tsaya daidai bayan uban. Mu da ke gefe, Allah ya yafe mana, rabin hankalinmu na kan ƙugun Baba Sahabi. Liman ya yi kabbara, Baba ya duƙa, bayan nan ya shimfiɗu sumul, ya ɗago ba ko dafa bango. Bayan sallama ya waiwayo.

"Ka gani, ko in ƙara nahila?"

Bashar ya yi dariya ya ce ya gani, amma birgi kam ya zama ɗan Sakkwato. Sahabi ya ce a gaishe shi.

Suka koma gida, Hindatu ta kawo wa ɗanta shayi. Ya ɗaga abin da ke cikin kofin, sai ya ga mariƙi zalla, ba kai.

"Inna, ina sauran cokalin?"

"Tambayi ubanka. Ukku na cikin Kalmalo, biyu na cikin hulatai."

"Saura ɗaya ke nan."

Hindatu ta dafa ƙullin bakin zanenta inda ta ɓoye shi, ta kalli mijin.

"Wanga ko giwan ruwa ya yi sallama, ba shi ganin shi."

Har yau Baba Sahabi na zuwa Kalmalo kowace safiya, kujera a bayan babur, gwangwani a aljihu. Sai dai matan unguwa sun koyi darasi. In ya zo barkar suna ko gaisuwa aka kawo masa shayi, a dame ake kawo shi.