Darbejiyar Mista Tomas

Kulu mutuniyar Funtuwa ce, kuma duk wanda ya zauna da ita a Fallowfield ya san halinta: ba ta iya ganin abu cikin sanyi ta wuce, ba ta kuma iya cewa ba ta sani ba. Aure ne ya kawo ta Manchester. Mijinta Sunusi injiniya ne a council, wato hukumar gari, har zuwa shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka sallame su. Ya samu wani aikin a Birmingham, sai ƙarshen mako yake leƙo gida. Ita kuwa tana aiki a wata cibiya da tsofaffi ke wuni, tana dafa musu shayi, tana yi musu faɗa in sun fita ba hula.

Cikin tsofaffin akwai Mista Tomas, tsohon direban bas. Yana da wata 'yar bishiya a tsakar gidan cibiyar, cikin kasko mai faɗi, irin wadda ake kira bonsai, ana datse mata saiwa da rassa don kada ta girma. Tsayinta bai wuce gwiwa ba, amma ta girmi Kulu. Shi da matarsa suka rene ta kafin ta rasu.

A watan da council ta rufe cibiyar, shanyewar ɓarin jiki ta kama Mista Tomas, bakinsa ya rufe. 'Yarsa ta shirya mayar da shi gidan kula da tsofaffi a Birmingham, ta ce ba ta da inda za ta kai tukunyar ƙasa. Kulu ta je asibiti ta riƙe hannunsa ta ce za ta kai bishiyar gidanta ta kula masa da ita har ta kawo masa. Daga ranar abin ya zama amana a wuyanta.

Matsalar ita ce ba wanda ya san wace irin bishiya ce. Kulu ta zauna ta ƙare wa ganyen kallo: ƙanana, a jere bibbiyu, bakinsu kamar zarto. Ta tsinki ɗaya ta tauna, ta ji ɗaci-ɗaci. Shi ke nan, shari'a ta ƙare.

"Baban Ramatu, wallahi darbejiya ce," ta ce wa Sunusi. "Irin ta ƙofar gidanmu sak. Shi ya sa ta tsumbure, baiwar Allah, sanyin ƙasar nan ya hana ta girma."

"Kulu, are you sure? A tambayi masu garden centre mana, su da ke sayar da shuke-shuke."

"Ni za a koya wa darbejiya?"

Sunusi ya san inda ake tsayawa, ya bar ta da darbejiyarta.

Da sanyi ya shigo ganyen ya yi ja ya soma zuba. Hankalin Kulu ya tashi. Ta kinkimo kaskon ta dire shi a falo kusa da hita, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya sauka daga gida yana rawar ɗari. Ita kanta ba ta kunna hitar da rana tun da aikinta ya tafi, sai dai ta ƙudundune cikin bargo, amma saboda bishiyar ta riƙa kunnawa. Tana ba ta ruwan ɗumi. A tsakiyar hunturu sai ga sabon toho, siriri, fari-fari. Kulu ta yi ta murna, har da kiran 'yan Funtuwa a waya.

Tohon bai yi ƙarko ba. Bazara ta zo ta wuce bishiyar na fama, wani sanyin ya sake zagayowa, rassan suka soma karyewa ƙas in an taɓa. Kulu ta daina cin abincin kirki. Tsoro take ji, tsoro na gaske, don ta yi wa mutumin da ba ya iya magana alkawari.

Ranar wata Asabar ta naɗe kaskon da zane ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Sunusi ya kai ta wajen wata mai sayar da irin waɗannan bishiyoyi kusa da Edgbaston. Matar ta dubi ɓawon, ta dubi busasshen ganyen da Kulu ta ƙullo a leda, ta ce sunanta rowan. 'Yar ƙasar ce, a kan duwatsu take fitowa, ƙanƙara ba ta dame ta ba. Zubar ganyen nan barcinta ne na shekara, kuma sai da sanyi take samunsa. A ɗaki mai ɗumi ba ta hutawa, sai ta yi ta toho har ƙarfinta ya ƙare.

"Tana da sauran rai?" Kulu ta tambaya da Hausa, Sunusi ya juya wa matar da Turanci.

Matar ta girgiza kai ta ce ta yi haƙuri.

A mota Sunusi ya ce a hankali, "Maman Ramatu, mu sayi wata irinta mana. He won't know."

"Zai sani," in ji Kulu. "Ko bai sani ba, ni na sani."

A gidan tsofaffin suka sami Mista Tomas a kujerar guragu, ya rame. Ma'aikaciyar da ta shigo da su ta ce kalma ɗaya tak ta dawo bakinsa, da ita yake neman ruwa, da ita yake ƙorafi. Kulu ta durƙusa ta kwance zanen, ta ɗora kaskon a cinyarsa, ta faɗa masa duk abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

Tsohon ya sa farcen hannunsa mai lafiya ya kankare ɓawon reshe. A bushe. Ya sauko ƙasa kaɗan ya kankare. Ya sake saukowa har gindin, yana neman kore, alamar sauran rai, bai samu ba. Sannan ya rungume kaskon da hannu ɗaya, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye.

"Lovely," ya ce, kalmar nan tasa ɗaya tak, mai nufin abu ya yi kyau. "Lovely. Lovely."