Sai Lahadi, Motar Kailu

Kailu ya tsufa yana jan motar haya tsakanin Filinge da Yamai. "Sai Lahadi" aka rubuta a goshinta, don ranar kasuwarmu ta Filinge ce. Da idonsa ya raunana ya sayar da ita, gaisuwa ta ɗauke masa kamar ruwan ƙarshen damina.

Ya buɗe Fesbuk da sunansa na yanka, ba wanda ya neme shi.

Matarsa Tambara ta ce, "Malam, wa ya san sunanka? Mota anka sani."

Ya yi fushi har ya ƙi fura, amma ya sa sunan motar.

Rannan saƙon murya ya shigo daga Abijan: "Baba, kana da rai? Ni anka haifa cikin motarka, kusa da Baleyara."

Ya ƙwala wa Tambara kira ta zo ta ji.