Jirgin Namadi a Tudu

Namadi bai gaji gona ba, jirgin fito ya gada. Mahaifinsa ne ya sassaƙa shi da gungumen maɗaci guda, a ƙauyensu na bakin gulbi can bayan Fakku. Shekara arba'in Namadi yana ƙetarar da mutane da shi: masu buhunan gero da za su kasuwar Tambuwal, 'yan biki, awaki, da marasa lafiyar da wasunsu ba su kai waccan gaɓar da rai ba. Da aka yi gada, damina ɗaya babura suka kwashe masa mutane. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya jingine gorar tuƙinsa a zaure.

Abu ɗaya ne bai bari ba. Duk rani, in ruwa ya janye, sai ya tura jirgin cikin gurbi mai zurfi, ya loda masa duwatsu har ya nutse. Haka masu fito suke yi, don itacen da ya saba da ruwa in rana ta buge shi tsagewa yake.

Wata shekara bayan girbi, wani ma'aikaci, Abdulganiyyu, ya zo daga birni, ya ce yana tattara wa wani gidan tarihi kayan sufurin mutanen da. Ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya shafa sassaƙar, ya yi ta ɗaukar hoto.

"Baba, a fito da shi tudu a wanke. Sati biyu mota za ta zo. Za a rubuta sunanka da na mahaifinka a gefensa."

"Ɗana, wanga icce bai son rana."

"Sati biyu ne fa kawai, Baba."

Maganar sunan mahaifin nan ita ta karya masa zuciya. Ƙarti takwas suka jawo jirgin har ƙofar gida.

Matarsa Atu ta leƙo ta riƙe haɓa. "Malam, kai da ka hana ɗiyanka su taɓa shi da rani, yau kai kash shanya shi awa kuɓewa?"

"Mota nika jira. Koma ciki, ke dai."

Sati biyu suka zama wata biyu. Namadi ya lulluɓe jirgin da buhuna, safe da yamma yana ɗebo ruwa da bokiti yana jiƙa su. Atu ta ce a mai da shi gulbi. Ya ce in sun zo sunka iske shi ƙarƙashin ruwa, sai su ce ya fasa. Da aka kira lambar Abdulganiyyu, wani ne ya ɗauka, ya ce an canza masa wurin aiki, amma takardar ɗaukar jirgin tana kan tebur.

Sa'ad da Namadi ya haƙura ya ce a mayar, bazara ta kama, ƙartin gari duk sun tafi cin rani. Shi da ƙanensa Ɗangiwa da wasu tsofaffi biyu suka ɗaura igiya suka ja, jirgin ko motsi.

Ranar wata Talata da azahar aka ji ƙara kamar ta bindiga. Jirgin ya tsage tun daga hanci har tsakiya. Namadi ya zo ya durƙusa, ya zura hannu cikin tsagar, hannun ya fita ta ƙasa ya taɓa yashi. Ya tashi ya koma cikin gida. Daga ranar ya daina bi ta ƙofar gaba, abincin ma sai an yi da gaske. Bai ga ruwan farko na daminar ba.

Da aka zo neman itacen rufe kabari, Ɗangiwa ya ɗauki gatari zai nufi daji. Atu ta aiko daga cikin gida a tsai da shi.

"Ga icce nan ƙofa. Ku sara, ku rufa mai da abinai."

Maɗacin ya bushe ƙamas, bai ba su wuya ba.