Rigar Sanyin da Geum-rye Ta Saƙa wa Mai Jirgi

Shekara ashirin da shida rumfata tana jingine da ta Geum-rye a kasuwar bakin tashar jiragen ruwan garinmu. Ni busasshen kifi da ganyen teku nake sayarwa, ita kuma ulu da kwarashi da maɓallai. Ta girme ni da shekara biyar, don haka Yaya nake ce mata. Sauran 'yan kasuwa kuwa Maman Ok-bun suke kiranta, da sunan 'yarta tilo. Gajeriya ce, marar yawan magana, kuma ko ciniki take yi kwarashi bai tsayawa a hannunta. Rabin jariran unguwarmu a cikin hular da ta saƙa suka ga sanyinsu na farko.

Mijinta Deok-chil ma'aikaci ne a ɗaya daga jiragen kamun kifi uku na wani attajiri, Cheon. A ƙarshen shekarar 1978, ana tsananin sanyi, igiyar jan taru ta tsinke ta fyaɗe shi zuwa cikin teku. Kowa a tashar ya san igiyar ta ruɓe. Deok-chil da kansa ya gaya wa Cheon sau uku a canza ta. Amma da ma'aikatan hukuma suka zo bincike, sai Cheon ya ce mutumin a buge yake, santsi ya kwashe shi. Abokan aikinsa suka sunkuyar da kai suka ce haka ne, don kowannensu na da bakunan da yake ciyarwa. Alhali Deok-chil na da gyambon ciki, shekara shida ko ɗigon giya bai taɓa ba.

Kwana huɗu aka yi kafin ruwa ya dawo da gawar. Fuskar ba ta ganuwa. Da suwaita mai ruwan toka da ta saƙa masa Geum-rye ta gane shi. A wajenmu ƙone kayan mamaci ake yi, balle na wanda teku ta ci, kuma duk mun ɗauka ta ƙone. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ranar da Ok-bun ta dawo daga makaranta tana cewa yara na kiranta 'yar mashayi, na ga kwarashi ya tsaya a hannun uwar na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Daga nan, duk ranar da Cheon ya ratsa kasuwa, sai ta juya kujerarta ta fuskanci bango har ya wuce. Shekara tara tana haka.

Wata safiya da kaka sai ga matar Cheon a rumfarta, ta zo sayen maɓalli. Na kasa kunne. Sai na ji Geum-rye, da murya mai taushi, tana cewa, "Uwargida, na ji watan jibi maigida zai cika shekara sittin. Ki taimake ni da awon kafaɗarsa da tsawon hannu. Ina so in saƙa masa rigar sanyi mai maɓalli a gaba."

Matar, baiwar Allah ce mai sanyin hali, har da ƙwalla. Washegari ta kawo tsohuwar rigar mijin don a auna.

Tana tafiya na leƙa. "Yaya, ko zazzaɓi ya taɓa miki kai? Wannan mutumin za ki saƙa wa riga?"

"Ƙudaje na kan kifinki," in ji ta.

"Ni dai da ni ce, igiya zan saƙa masa."

"Shi ya sa ba ke ba ce."

Kwana hamsin ta yi a kan rigar. Ban taɓa ganin ta ba wani aiki hankali haka ba. Ulu iri biyu na gani a kwandonta, duka an rina su shuɗi mai duhu. Ɗaya sabo ne, da shi ta yi hannuwa da aljihu. Ɗayan kuwa ya ɗan nannaɗe, irin na tsohuwar saƙa da aka warware, sai ta riƙa ratsa shi ta tururin buta yana miƙewa. Da shi ta yi baya da ƙirji. Na ɗauka tsimi ne, har na tsokane ta cewa attajiri guda za ta yi wa kyautar kwance. Ta ce Cheon ƙato ne, zare ɗaya ba zai rufe shi ba. In ta yi layi goma ta ga ido ɗaya ya karkace, sai ta warware duka. Maɓallan ƙaho ta sa, guda bakwai, ta matse ramukansu sosai.

Ranar bikin cikar Cheon shekara sittin duk tashar ta hallara. Aka jera wainar shinkafa da 'ya'yan itace tsibi-tsibi, 'ya'yansa suna durƙusawa suna miƙa masa ƙoƙon giya. Geum-rye ta shigo cikin fararen kayanta masu tsabta, ta miƙa ƙunshin da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ba wani abin kirki ba ne. Aikin hannu ne kawai."

Cheon ya buɗe. Riga ce da ko a manyan kantunan birnin Busan ba za ka samu irinta ba. Nan take ya sa, matarsa ta ɓalla masa maɓallan da ƙyar. Ta zauna masa cif. Ya miƙe yana juyi yana dariya.

"Kun gani? Maman Ok-bun da kanta! Masu surutu a bayana, yau sai ku nemi wani zancen."

Duk sanyin shekarar nan a jikinsa ta ƙare. Da ita yake zuwa gwanjon kifi da asuba, da ita yake shan shayi, har cikin jiragensa yake shiga da ita. Duk wanda ya yaba sai ya ce gwauruwar Deok-chil ce ta yi masa, ai ta san gaskiya. Ni kuwa na yi fushi da ita sosai. Sati biyu ban raba abincin rana da ita ba. Ko a jikinta.

A watan farko na sabuwar shekara ake bikin roƙon albarkar teku, kafin jirage su fita. Masu jirage da ma'aikatansu duk suna bakin tasha, an kafa tutoci, ana kaɗa ganguna, an shirya teburin hadaya. Cheon ne a gaba, cikin shuɗiyar rigarsa, zai zuba giyar farko. Masu ganga suka tsagaita. A daidai nan Geum-rye ta ratso taron ta tsaya gabansa.

"Ranka ya daɗe, rigar tana da ɗumi?"

"Sosai, Maman Ok-bun, sosai!"

"Madalla. Shi ma ya ce tana da ɗumi, ranar da ya fita da ita." Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bayan taro sun ji. "Suwaitar Baban Ok-bun ce na warware. Kwana huɗu ya yi a ruwa cikin ulun nan da ke ƙirjinka. Sau bakwai na wanke, gishirin bai gama fita ba. Ka sunsuna ka ji ko akwai warin giya."

Ƙoƙon ya suɓuce daga hannun Cheon. Ya kama maɓallan yana ja, suka ƙi fita. Fuskarsa ta yi fari fat, ƙato guda yana kokawa da riga a gaban mutum ɗari biyu. Daga ƙarshe ya fizge, maɓallai suka watse a kan siminti, ya yar da rigar. Mutane suka ja da baya kamar maciji aka jefa. Geum-rye ta sunkuya ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta ninke, ta tafi.

Masunta ba sa wasa da irin wannan. Mutumin da ya shiga jirage uku sanye da kayan wanda teku ta ci, wa zai hau jirginsa? Ma'aikatansa suka ƙi fita. Ya kawo mai tsafi ta yi kwana biyu tana kaɗe-kaɗe, suka ƙi. Sannan wani dattijo cikin waɗanda suka yi shaidar ƙarya ya fara faɗa a shagon shayi cewa igiya ce, kuma shekara tara bai yi barcin kirki ba. Jiragen wasu na dawowa shaƙe da kifi, na Cheon na ɗaure.

Rana ta goma sha biyu Cheon ya zo rumfarta, da tsakar rana, kasuwa cike. Wannan karon ba ta juya kujera ba.

"Me kike so?" in ji shi.

"Ka faɗi abin da ya kashe shi."

Ya dubi ƙasa. "Igiya ce."

"Kunnena ya tsufa, ranka ya daɗe."

"Na ce igiya ce! Ta ruɓe, ya gaya mini, ban canza ba. Bai sha komai ba!"

Ta gyaɗa kai, ta juya ga wata mata da ke tsaye ta tambaye ta ƙullin ulu nawa take so.

Abin bai zo mata a kyauta ba. Ok-bun, wadda a lokacin take aiki a masaƙa a birnin Masan, ta zo ta yi mata kaca-kaca, ta ce abu ɗaya da ya rage na ubanta an ɗora a jikin wanda ya kashe shi. Fiye da shekara ba ta taka gida ba. Matar Cheon ma ba ta ƙara bi ta layinmu ba, kuma wannan kam ya dami Geum-rye, don ta ce matar ba ta taɓa yi mata komai ba. Amma ko sau ɗaya ban ji ta ce da ta sani ba. Cheon ya sayar da jiragensa bayan shekara biyu, ya koma wajen ɗansa a birni.

Ta ci gaba da saƙa har idonta ya gaza, sannan ta koma zama a rumfata tana taya ni cire kan kifi. Muna nan zaune wata rana da zafi labari ya zo cewa Cheon ya rasu. Ta tambayi wanda ya kawo labarin ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Sai ta wanke hannu, ta aika aka kawo wa duk matan layinmu taliya mai sanyi, mu goma sha ɗaya. Ita da kwano ɗaya ke gagararta, ranar biyu ta cinye, har da shanye romon.