Ranar da Zuhra Ta Kawo Abinci Ɗakin Gwaji

Kalilu mutumin Gumel ne, ya zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku, kuma ban taɓa zama da mai taurin kai irinsa ba. Ɗakin gwajinmu ɗaya. Aikinsa shi ne gane sinadaran nukiliya, irin su yuraniyam, ta hanyar ƙirga hasken da suke fitarwa wanda ido ba ya gani. Na'ura ta ƙirga, shi kuma ya yi lissafi ya raba alamar gaskiya da hayaniyar da ke ko'ina. In ka ce masa allo ya nuna wani abu, sai ya ce a sake aunawa. Har tsokanarsa muke yi cewa ko sallama aka yi masa sai an maimaita zai amsa.

Matarsa Zuhra takan kawo masa abinci jefi-jefi. Ta rame a 'yan watannin nan, ta ce zafin garin ne, shi kuma ya yarda saboda kwanan kare bincikensa ya matso.

Wata Talata ta tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu.

"Abban Afnan, ga tapau, abincin da na sayo maka. Daga kasuwar Chow Kit nake."

Ƙirgen na'urar ya yi sama, alhali babu komai a gabanta. Kalilu ya dubi allo. Alamar ba ta yuraniyam ba ce. Ya san ta sarai: ta ruwan allurar da ake yi wa mutum a asibiti ce kafin a ɗauki hoton cikin jikinsa.

Ya roƙe ta ta ɗan koma baya zuwa matakala. Ƙirge ya sauka. Ta dawo, ya hau. Tausayinsa ya kama ni, don na san so yake lissafin ya ƙaryata shi.

"Zuhra, wane asibiti?"

Ta ajiye ledar a ƙasa. Ta ce hoton ƙashi aka yi mata, likita yana son ya ga ko ciwon dajin da aka samu a ƙirjinta ya bazu.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Na so ka gama defence ɗin bincikenka tukuna, Abban Afnan. Saura kaɗan fa."

Kalilu ya cire rigar aikinsa, ya miƙa mini makullin ɗakin. Ya kama hannunta a gabana, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, suka sauka tare.