Ledar da Ke Gefen Gado

Duk layinsu Tsaf-tsaf ake ce mata, har mijinta mai walda. Mace ce da in ka aje kofi ka juya, kafin ka waiwayo ta wanke shi ta kife. Shekara da shekaru tana aikin shara da goge-goge a wani ofis, ta dawo gida ta ɗora daga inda ta tsaya. Mijin kan yi mata tsiya, wai wata rana shi ma za ta haɗa shi da kwanuka ta dirje.

Ranar da tankin motar da yake liƙewa ya yi bindiga, wuta ta cinye masa ƙirji da hannuwa. A asibiti aka naɗe shi, aka sa masa ƙarin ruwa, aka saka masa robar fitsari mai zuba cikin wata leda a gefen gado. Ledar nan ta tsaya wa Tsaf-tsaf a rai. Fitsarin maigidanta a bainar jama'a, ga surukai, ga abokan sana'a suna shigowa dubiya! Da ta ji motsin baƙi sai ta juye ledar a bokiti, ta yi banɗaki da shi. Nas ta hana ta, ta ce aunawa suke yi. Ta amsa da to, amma hannu ya riga ya saba.

Ana haka sai ta lura ledar ta daina ba ta aiki. Ɗan abin da ke taruwa bai kai cikin cokali ba, ga shi baƙi kamar shayin da ya kwana. Har ta ji daɗi, Allah sarki. Nas kuwa duk shigowar da za ta yi ta tarar da leda wayam sai ta harare ta.

"Mama, kin sake zubarwa ko?"

Kunya ta hana ta musu, sai ta sunkuyar da kai.

Likita ne ya tsaya duba ƙafafun mai walda, waɗanda wuta ba ta taɓa ba amma sun kumbura suntum. Ya danna yatsa, gurbin ya ƙi tasowa.

"Yaushe rabonki da juye ledar nan?"

"Tun shekaranjiya ban taɓa ta ba, likita. Ba komai a ciki."

Ya kalli nas ɗin, sannan ya juyo wajen Tsaf-tsaf. Ya ce babbar ƙuna takan taɓa ƙoda, ta mijinta ta tsaya, kuma da sun sani tun shekaranjiya da abin ya zo da sauƙi. Za a kai shi injin wankin ƙoda in gado ya samu. Kafin nan ruwa ba ya fita daga jikinsa, kada ta ba shi abin da ya wuce cikin murfin gora.

Tsoro ya rufe ta. Ta zauna a bakin gadon. Mai walda ya buɗe ido da ƙyar, leɓɓansa duk sun tsage.

"Maman yara, ba ni ruwa. Ki cika kofin."

Ta tsiyaya a murfin, rabi ya zube a zanin gado. Ya lashe abin da ya rage, ya zuba mata ido.

"Ƙaro mini, don Allah. Mutuwa zan yi."

Ta mayar da gorar bayanta, ta riƙe da hannu biyu.