Dunƙulen Yumɓun da Baba Ya Bari

Takardar wayar tangarahon rasuwar Baba ta same ni a Faransa, ina bakin aiki da safar roba a hannu. Na karanta, na ninke takardar, na sa a aljihu, na ƙarasa aikin ranar. Sai da aka yi sadakar bakwai na iso Gure: jirgi zuwa Yamai, mota zuwa Damagaram, sannan bayan kamyo, babbar motar kaya, a kan buhunan hatsin taimako, domin shekarun fari ne, gefen hanya duk ƙasusuwan shanu. Mutane suka yi ta shigowa gaisuwa, ina amsawa da baki kawai. Na jira kuka ya zo, bai zo ba.

Baba maƙerin fari ne, mai zubin tagulla. Yakan murza kakin zuma ya fitar da siffar abu, munduwa ko ƙararrawar raƙumi, ya lulluɓe shi da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, ya shanya. In ya bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Daga nan ya liƙa ɗan kasko cike da guntayen tagulla a bakin, ya rufe su tare da yumɓu, ya sa a wuta. In tagullar ta narke sai ya kifa dunƙulen, ta gangara ta cika gurbin. Sau ɗaya ake yi. Kakin ya riga ya tafi, yumɓun kuma sai an fasa shi ake ganin abin da ya fito.

Ni tun ina ƙarami aka kai ni lakwal, makarantar boko, ƙira kallo kawai na sani. Abin dariya, da na je Faransa sai na faɗa masana'antar da ke zuba fukafukan injin jirgin sama, ƙananan ƙarafan nan masu juyawa cikin wuta a tsakiyar injin, na kuwa tarar dabarar Baba ce sak: kaki, farin yumɓu, ƙarfe. Na rubuto gida na faɗa, har da ƙarin gishiri. Abin da ban rubuto ba shi ne nawa aikin. Ni tsomawa nake yi. A miƙo mini reshen kaki, in tsoma a ruwan yumɓu, in barbaɗa masa yashi, in rataye, in ɗauki na gaba. Zubin kansa a wani ɗaki ake yi, cikin rufaffen tanderu da aka zuƙe wa iska, wasu masu farar riga suna tsaye suna kallon na'ura. Shekara huɗu ban ga narkakken ƙarfe da idona ba. Amma a Gure ni ne ɗan maƙerin nan da ke ƙera jirgi.

Ana saura kwana uku hutuna ya ƙare, Inna ta kira ni ɗakin da take takaba.

"Akwai abin da ya bari a maƙera," ta ce. "Ya gasa, ya liƙa kaskon, sai ciwon ya kwantar da shi. Kwana uku yana murza kakin. In na kawo masa fura sai ya rufe da hula. Bai gaya wa kowa ko mene ne ba."

Ta ɗago ta dube ni.

"Kai za ka zuba. Ina so in ga abin da hannunsa ya yi."

A nan ya kamata in ce ban iya ba. Kalma uku ce. Amma kunya ta riƙe ni, ga shi kuma ba ni da ƙarfin doguwar magana a kwanakin nan. Na ce to.

Da hantsi muka hura wuta ni da Baffa, ƙanen Baba. Shi maƙerin baƙi ne, fartanya da gatari, amma tun suna samari shi ke yi wa Baba zuga in za a yi zubi. Dunƙulen bai fi ƙwan jimina ba, da ɗan wuya a tsakiya. Na binne shi cikin gawayi, kaskon a ƙasa. Maƙwabta suka cika ƙofar rumfa, an zo ganin aikin Turai. Na kwance agogona na ajiye a kan uwar maƙera, na yanke wa kaina minti ashirin. Inda na samo ashirin ɗin, har yau ban sani ba.

Baffa na ta zuga, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ni agogo nake kallo.

"Yanzu," na ce.

Ya tsaya. Ya dubi wutar, ya dube ni, ya dubi agogon.

"Yanzu?"

"Yanzu, Baffa."

Ya miƙo mini awartaki. Na ciro dunƙulen ja wur, na kifa shi a kan yashi. Muka zauna jiran ya huce, mutanen bakin ƙofa suna ta sa mini albarka.

Da na ɗora masa masaba, hannuna ya yi nauyi, yumɓun ya ruguje ya zama gari. Guntayen tagullar suna nan cunkushe a wuyan, sun manne da juna, rabinsu ko narkewa bai yi ba. Abin da ya gangara ɗan harshe ne kamar babban yatsa, da zane uku a jikinsa da farkon wani lanƙwasa. Na tattara ɓaraguzan ina neman in haɗa gurbin, ko na gane siffar. Suna marmashewa a hannuna. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya yakan jira sai harshen wutar ya yi kore," in ji Baffa, yana naɗe zugazugin.

"Ka ga bai yi ba?"

"Na gani."

"To me ya hana ka magana?"

"Na ce ko na Turai daban ne. Kai da kake zuba na jirgi, ni wa?"

Ban ji haushinsa ba. Ban ji komai ba. Na wanke guntun a ruwan kwatarniya, na goge da bakin rigata, na kai wa Inna.

Ta juya shi a tafin hannu, ta kai shi wajen hasken ƙofa, ta bi zanen ukun da farce.

"Mene ne?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ko kai?"

"Ko ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaure shi a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Ashe ciwon ya riga ya kama hannunsa," ta ce. "Shi da bai taɓa ɓata zubi ba."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce amin.